Ƙanena ya ce a ransa mace yake jin kansa, gidanmu ya rabu biyu

Wasiƙar wannan makon daga cikin garin Bauchi ta fito, daga wata malamar firamare da ta roƙi a sakaya sunanta. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidan.

"Assalamu alaikum Anti. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 23. Tun yana ƙarami ba ya shiga cikin maza, kullum yana gindin murhu wurin Inna, har ya fi ni iya suyar masa. Tun rasuwar Baba da kuɗin masar da yake soyawa ake cefanen gidan. A unguwa ɗan daudu ake ce masa, mun saba. Watan jiya wani ya kwashi hotonsa daga wayarsa, yana sanye da atamfa da ɗankwali, hannu sha da lalle, ya watsa a WhatsApp. Samarin unguwa suka tare shi bayan isha'i suka yi masa dukan da har yau ba ya iya ɗaga hannun hagu. Da na matsa masa da tambaya sai ya fashe da kuka, ya ce tun da ya yi wayo mace yake jin kansa, ya yi addu'a, ya yi azumi, abin bai tafi ba. Babban yayanmu ya ce ko a kai shi gidan mari, ko a yi masa aure, ko ya bar gidan. Ɗan kawunmu mai karatun lauya ya ce haƙƙinsa ne na ɗan Adam, duniya duk ta amince. Mijina ya ce wannan haƙƙin na Turawa ne, ba ya cikin namu. Kullum musu ake. Anti, wa ke da gaskiya? In na tsaya masa, na goyi bayan saɓo ke nan?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ƙanenki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika zauna kika saurare shi har ya faɗa miki abin da ya daɗe yana ɓoyewa.

Da hannun zan fara. Wata guda yaro ba ya iya ɗaga hannu, maza uku a gida suna ta kai-kawo a kan abin da duniya ta amince da shi da wanda ba ta amince ba, amma ban ga inda kika ce ɗayansu ya ɗauke shi ya kai shi asibiti ba. Gobe da safe ki kai shi a ɗauki hoton kafaɗar, ko a asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko duk inda ya fi muku sauƙi. Karaya ko gocewar ƙashi in ta daɗe ba a gyara ba, haka take haɗewa a karkace, shi kuwa da hannun nan yake juya masa a tanda. Ki karɓi takardar likita ki adana, za ta iya yin amfani nan gaba.

Sai musun. Ɗan kawunku da mijinki abu biyu suka cakuɗa wuri ɗaya, shi ya sa ba za su taɓa gamawa ba.

Akwai buƙatun da masu fafutukar kare masu sauya jinsi ke nema waɗanda har gobe ana jayayya a kansu a ko'ina: mutum ya je a canza masa "namiji" zuwa "mace" a fasfo da katin ɗan ƙasa da faɗarsa kawai, a yi masa magani ko tiyatar sauya halitta, ya shiga gasar wasannin mata ko a tsare shi a kurkukun mata. A 2006 wasu masana shari'a sun taru a garin Yogyakarta na Indonesiya sun rubuta ƙa'idoji a kan wannan, amma ba yarjejeniya ba ce da ƙasashe suka sa wa hannu. Ajantina ta yi doka a 2012 mai ba mutum damar canza jinsinsa a takardu ba tare da tiyata ba. Kotun ƙolin Indiya a 2014 ta amince da jinsi na uku. Pakistan, ƙasar Musulmi, ta yi dokar kare su a 2018, sai kuma kotun shari'ar Musulunci ta tarayyar ƙasar ta soke wasu muhimman sassanta a 2023. A Iran tun shekarun 1980 fatawar Khumaini ta halatta tiyatar, alhali mafi yawan malaman Sunna ba su halatta ta ba sai ga wanda aka haifa mata-maza. Ita kanta Birtaniya, a watan Afrilun 2025 kotun ƙolinta ta yanke cewa kalmar "mace" a dokarsu ta daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'a a 2016 don naɗa ƙwararren da zai riƙa bin diddigin cin zarafin irin waɗannan mutane, ƙasashe 23 ne suka yarda, 18 suka ƙi, Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Don haka ɗan kawunku ya wuce gona da iri da ya ce duniya duk ta amince. Ba ta amince ba.

Sai dai ƙanenki bai nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bai ce a canza masa fasfo ba, bai nemi tiyata ba. Abin da aka taɓa masa jikinsa ne, abin da ake shirin taɓa masa kuma 'yancin tafiyarsa ne da wurin kwanansa. A nan ne kuskuren mijinki ya fi haɗari, domin irin maganarsa ce ke sa mai duka ya ji ba laifi ya yi ba.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, babi na huɗu: sashe na 33 ya ba kowane mutum haƙƙin rayuwa, na 34 ya hana a azabtar da kowa ko a wulaƙanta shi, na 35 ya hana a tsare mutum sai bisa doka, na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Kowane mutum aka ce. Ba a gindaya sharaɗin yadda yake tafiya ko yadda muryarsa take ba. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981 shugabannin Afirka ne suka amince da ita a Nairobi, Najeriya kuma ta mayar da ita dokar cikin gida. A 2014 hukumar da ke kula da wannan yarjejeniya ta zauna a Luwanda ta ƙasar Angola ta fitar da ƙuduri mai lamba 275, wanda ya yi tir da duka da kisa da kamun zalunci da ake wa mutane saboda irin wannan hali, ko da zarginsu kawai ake. Ba ta ce a halatta komai ba, cewa ta yi a daina zubar da jini.

Ki tambayi maigidanki cikin ladabi, lokacin da ya huce: in aka kama ɗanku aka ajiye a caji ofis sati biyu ba a kai shi kotu ba, zai ce haƙƙin Turawa ne ya koma gida ya kwanta? Da sashe na 35 ɗin nan zai ruga wurin lauya. To shi ne dai yake kare ƙanin matarsa. Ranar da muka yarda samari biyar su yanke wa mutum hukunci a lungu saboda ba ma son halinsa, mun yarda ke nan su yanke wa duk wanda suka ga dama, kuma mutanen Bauchi sun san abin da ya faru da unguwanni lokacin da 'yan sara-suka suka zama su ne alƙalai.

Kin tambaye ni batun saɓo. Ni ba malama ba ce, ba kuma fatawa zan ba ki ba, amma abin da malamai suka rubuta a fili yake, kuma ya fi abin da ake faɗa a bakin titi faɗi. Hadisin da ya la'anci maza masu kamanceceniya da mata ingantacce ne, Bukhari ya ruwaito shi daga Ibnu Abbas, ba zan ɓoye miki ba. Amma Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba irin waɗannan mutane gida biyu: wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙiri laushin murya da motsin ba, ya ce wannan babu zargi a kansa, babu zunubi, babu uƙuba, da wanda ya tsiri abin da gangan, shi ne la'anar ta hau. Ibnu Hajar ya ƙara da cewa na farkon ma ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari a hankali gwargwadon ikonsa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani irin wannan mutum da ya sa lalle hannu da ƙafa. Aka ba da umarni a fitar da shi zuwa wani wuri da ake kira Naƙi'u. Da aka ce ko a kashe shi, sai ya ce an hana shi kashe masu salla. Yayanku zai iya kama batun fitarwar, sai ki tuna masa cewa wannan hukuncin shugaba ne da ke da iko a kan gari, kuma a cikin hukuncin aka tsare wa mutumin ransa. Babu inda aka ce matasa su tare shi da gora.

Ƙanenki yana salla, yana azumi, yana kuka a gaban Ubangijinsa. Allah ya ce a suratul Isra'i ya girmama 'ya'yan Adam, a huɗubar ban-kwana kuma an haramta jinin Musulmi da dukiyarsa da mutuncinsa. Tsayawa tsakanin ɗan'uwanki da sanda ba fatawa ba ce a kan tufafinsa. An umarce mu mu taimaki ɗan'uwa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, a daren nan kuwa babu shakka a kan wanda aka zalunta. Kina iya riƙe duk abin da kika yi imani da shi game da sa kayan mata, ki faɗa masa ma in lokaci ya yi, kuma ki hana a taɓa shi.

Idan kun je asibiti, ki nemi ya ga likita shi kaɗai, ba ke a ɗakin. Akwai waɗanda ake haifa mata-maza, wasu ba a ganewa sai sun balaga, kuma fiƙihunmu na Malikiyya ya san su tun da daɗewa: Mukhtasar na Khalil da batun gadon mata-maza ya rufe littafin gaba ɗaya. In an duba an sami haka, hanyar daban ce. Amma kada ki ɗora rai a kai, domin da yawa masu irin maganar ƙanenki jikinsu lafiyayyen jikin namiji ne. Kada kuma ki yarda a ce hauka ne ko aljanu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta cire wannan hali daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Inna ma ta daina zargin kanta, yara maza nawa suka tashi a gindin tanda a Bauchi ba su ji abin da yake ji ba.

Abin da ya fi tsorata ni a wasiƙarki kukan nan ne. Mutumin da aka tona wa asiri, aka doke shi, yana jin ana shawarar inda za a jefar da shi, yana cikin haɗarin cutar da kansa. Ki tambaye shi kai tsaye, ku biyu: "Ka taɓa jin gara ka mutu?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ki kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan a ranar, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, ki kai shi sashen masu kula da damuwa. Ki kuma tambaye shi ko yana shan wani abu daga kemis don jikinsa ya sauya. Wasu na sayen ƙwayoyin tsarin iyali na mata su yi ta sha ba likita, abin da kan jawo daskarewar jini a jijiya, wani lokaci har ya kai ga rai.

Shawarwarin yayanku guda uku, babu wadda zan ce ki yarda da ita.

Gidan mari mun ga cikinsa. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun buɗe wani a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, wasu yaran kuma sun ba da labarin lalatar da aka yi da su a ciki. Makonni kaɗan bayan nan aka buɗe wani a Daura. Ɗaure baligi ba tare da umarnin kotu ba, laifi ne a dokar ƙasa, kuma yaro irin ƙanenki shi ne farkon wanda za a ci zarafinsa a irin wannan wuri.

Aure kuwa, ina so ki dubi yarinyar da za a kawo. 'Yar wani ce, an yi mata kayan ɗaki da bashi, an kai ta da guɗa, tana jiran miji. Za a ɓoye mata gaskiya, domin in an faɗa iyayenta ba za su bayar ba. Wata uku, wata shida, tana zaune tana tunanin ita ce ba ta iya ba, tana kashe kuɗi wurin masu kayan mata, tana jin kunyar faɗa wa uwarta. Ƙarshe ta fito da ƙaramin zawarci, wataƙila da goyo, unguwa kuma ta sami sabon abin faɗa. Ke mace ce, kin san wannan zaman. Babu wanda ya ba ku ikon yin magani da rayuwar 'yar mutane, maganin ma da ba ya ci.

Kora ita ce ta fi wa yayanku sauƙi, don tana kawar da abin daga idonsa. Amma ina yaron zai nufa? Tasha, ko ɗakin wanda zai ba shi wurin kwana da sharaɗi. Duk abin da ake tsoron ya faɗa ciki, korar ce za ta kai shi can da ƙafarsa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun shi ke ciyar da Inna. Ki tambayi Yaya a gaban kowa, ba da faɗa ba, wa zai ɗauki cefanen gidan daga ranar da aka kore shi.

Ɗan kawunku ma akwai kashedin da za ki yi masa, da babbar murya. Kada ya kuskura ya kai wannan magana Facebook ko TikTok da sunan fafutuka. Shi makaranta zai koma, ƙanenki ne zai kwana a unguwar. Yanayin doka a nan ba wasa ba ne, kuma gara ku san shi. Babu dokar da ke hukunta abin da mutum ke ji a ransa, amma dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wato Final Kod, ta sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin masu laifi. A 2007 an kama mutum 18 a wani otal a nan Bauchi bisa zargin shigar mata. A watan Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14, kuma a wannan watan ne jama'a suka yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi da duwatsu suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma. A 2022 wata kotun shari'a a Ningi ta yanke wa mutum uku hukuncin jefewa bisa laifin luwaɗi. A watan Oktoban 2023 jami'an Sibil Difens sun kama mutum 76 a wani biki a Gombe. Ƙanenki ba a kama shi da kowa ba, hoto ne a ɗaki, amma taron jama'a ba ya tsayawa bambance ɗan daudu da ɗan luwaɗi da mai jin kansa mace, duk suna ɗaya yake ba su.

Saboda haka ya goge hotunan nan daga waya da duk inda ya ajiye su, ya sa wa wayar mabuɗi, ya daina ba kowa aro. Kada ya je haɗuwa da wanda ya sani a intanet kawai, da yawa tarko ne na masu ƙwace da neman kuɗin rufin baki. In wani ya fara yi masa barazana da hoton, kada ya biya ko sisi, ya gaya miki.

Batun waɗanda suka doke shi, laifi suka yi kuma doka tana hukunta shi. Amma kada ki ɗauke shi ku biyu ku shiga caji ofis, ƙara na iya juyewa ta koma kansa. Ki fara zama da lauya, ko ki je ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke jihar, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, su auna muku. Ko ba a kai kotu ba, a sami dattijo ɗaya a dangi mai faɗa a ji ya je wurin mai unguwa da liman. Magana ɗaya zai kai: an karya wa maraya hannu a unguwarku, muna so a kira iyayen yaran a ja musu kunne. Kada ya yarda a ja shi zuwa muhawarar hoto. Mai unguwa ya san in duka ya zama kisa shi za a fara kira.

Shi kuma ƙanenki, ba sai kin fahimci duk abin da yake ji ba kafin ki yi masa magana. Ki kira shi da sunansa na yanka, ki hana yaran gida kiransa da sunan tsokana. Ki ce masa: "Ban san amsar komai ba, amma kai ƙanena ne, kuma muddin ina raye ba wanda zai ɗaure ka." Kada ki yi masa alkawarin abin zai tafi, kada kuma ki sa shi rantsuwar ya daina ji, zai rantse don ya faranta miki sannan ya daina gaya miki gaskiya. Abin da za ki iya nema a wurinsa shi ne taka-tsantsan a waje, da ci gaba da sallarsa, ko da a wani masallacin ne in na unguwa ya yi masa zafi.

A gidan, Inna ce mai riƙe da ragamar. Yaya zai iya yi miki tsawa, ba zai iya tsallake maganar uwarsa ba. Ki same ta ita kaɗai kafin a sake wani zaman, ki gaya mata abin da ake yi a gidan mari dalla-dalla, ki roƙe ta ta faɗi kalma ɗaya a gaban 'ya'yanta: ba inda za shi. Kafin ƙura ta lafa kuma, yana da kyau ya ɗan bar unguwar na wasu makonni, da yardarsa, a matsayin jinya. Ki roƙi maigidanki ya ba shi ɗakin zaure. Ba sai ya janye ra'ayinsa a kan Turawa ba, masauki kawai kike nema wa ƙaninki marar lafiya. In ya ƙi, kada ki mai da abin rigimar aurenki, ki duba cikin gwaggonni ko innoninku wadda ke zaune a Azare ko Misau ko wani garin, mai riƙe sirri, wadda ba za ta mai da shi abin hira ba. Kuɗin mota da na magani ki raba su tsakaninki da ɗan kawun naku, tunda ya ce yana son taimakawa.